Mushen hunturu: laifin mai shago ne

Duk Disamba da Janairu, idan hunturu ya kankama a Kano, yaran shagunan sayar da tsuntsaye da 'yan kyanwa sukan wayi gari suna kwashe mushe daga keji. Mai shago ya ce kwana ne ya ƙare. Wannan fakewa ce kawai.

Ɗan tsako a makonsa na farko yana buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, domin jikinsa bai iya riƙe zafi ba tukuna, alhali daren Kano kan sauka ƙasa da digiri 15. Ɗan kyanwar da sanyi ya sandarar kuwa, hanjinsa ba ya aiki. Madarar da aka ɗura masa cikin tausayi ita ce za ta shaƙe shi. Ɗumi ake farawa da shi, a hankali, da kwalbar ruwan ɗumi naɗe cikin tsumma. Kaskon gawayi a rufaffen shago kisa yake yi.

Babu wanda ya koya wa yaron shago wannan. Wanda ya iya lissafin ribar aku, bai da hujjar kasa sayen ma'aunin zafi da buhun rufe keji.