A yaba ma gwani tun yana jin yabon

Ran 10 ga watan Yuni na 2025, Sarkin Ingila Charles na 3 ya ba wani tsoho mai suna Billy Boston laƙabin girmamawa na "Sir". A lokacin shekarunsa 90, kuma ciwon mantuwa ya riga ya kama shi. A ganina wanga girma ya zo a makare.

An haifi Boston a birnin Kadif a 1934, mahaifinsa mutumen Saliyo ne. Sana'arsa rugbi mai mutum 13, wasan da ake gudu da ƙwallo mai siffar ƙwai a hannu, ƙarti na tare ka su kā da kai, sai ka kai ta bayan layinsu sannan ka ci. A 1953 ƙungiyar Wigan ta ɗauke shi kan fam 3,000. Ya yi mata wasa 488, ya ci sau 478, kusan kowace fita da ribarta ke nan. Ya ɗauki babban kofin Ingila a 1958 da 1959 da 1965, ya ci kofin duniya da Biritaniya a 1960. Shi ne baƙar fata na farko da Biritaniya ta tafi da shi rangadin Ostireliya, a 1954. Ya aje wasa a 1970.

To, mi ya sa aka jira shekara 55? Ku dubi asalin wasan. A 1895 ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka ɓalle, don ƴan wasansu leburori ne na masaƙu da ramukan haƙar gawayi. Wanda ya bar aiki ranar Asabar ya tafi fili, kuɗin yinin sun tafi. Suka ce a biya su, masu hali suka ce wasa don kuɗi abin kunya ne. Duk macen da ta taɓa rufe rumfa ranar kasuwa ta san wa ke da gaskiya. Tun daga nan wasan ya zama na talakawa, kuma cikin shekara 130 babu ɗan wasansa ko ɗaya da aka ba laƙabin, sai Boston. Ƴan ɗayan rugbin mai mutum 15, na manya, da dama sun samu.

Wani zai ce ai an gina masa mutum-mutumi a Wigan da Kadif, kuma mutanen garin ba su taɓa mance shi ba. Gaskiya ne, talakawa sun biya nasu bashin da wuri. Fada ce ta yi nawa.

Ku ƴan kasuwa kun san bashin da ya daɗe, ko an biya, darajarsa ta ragu. Yabo ma haka yake. Kowa ya duba kusa da shi: ɗan dakon da ya shekara 20 yana ɗaukar kayanka, ko yarinyar da ke tsare miki rumfa. A biya su haƙƙinsu, a gode musu yau, tun suna da ƙarfin jin daɗinsa.