Faɗuwar Tsofaffi: Doka Tana Takarda, Santsi Yana Tsakar Gida

A kowace ranar 1 ga watan Oktoba, yayin da jama'ar Nijeriya ke shagalin tunawa da samun mulkin kai, sauran ƙasashen duniya suna bikin Ranar Tsofaffi, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1990. Haɗuwar ranakun biyu ta sa ba safai ake jin ɗuriyar ta biyun a ƙasar nan ba, domin tambura da jawaban manya sukan danne ta. Alhali kuwa 'yan makarantar da suka kaɗa tutoci a filayen fareti a 1960, su ne dattawan da suka haye shekara 70 a yau. Daga cikin abubuwan da ke kwantar da su, har su kai wasu kushewa, akwai wani wanda ba a yi masa shela, ba a kuma ware masa kuɗi a kasafi, wato faɗuwa.

Mutane da yawa sun ɗauki faɗuwar tsoho tamkar furfura, abin da shekaru ke kawowa wanda babu makawa sai an gan shi. Binciken likitoci ya nuna cewa wannan zato kuskure ne. Faɗuwa tana da sanadai sanannu, kuma mafi yawan maganinsu bai kai kuɗin jinyar karaya guda ɗaya ba.

Girman Matsalar

Bisa ga ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2021, mutum 684,000 ne ke rasa rayukansu kowace shekara ta dalilin faɗuwa. In aka ɗebe haɗarin hanya, babu wani tsautsayi da ke kashe mutane kamarta. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke aukuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne abin ya fi ci. Ban da mamatan, akwai faɗuwa miliyan 37.3 a shekara da ke kai mutum ga neman likita. Tun a rahotonta na 2007 hukumar ta bayyana cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama sukan faɗi a kowace shekara, adadin kuma yakan kai kashi 32 zuwa 42 ga waɗanda suka wuce 70.

Nijeriya ba ta kuɓuta ba. Wani bincike da malaman Jami'ar Ibadan, C. O. Bekibele da Oye Gureje, suka buga a 2010, wanda ya shafi tsofaffi fiye da 2,000 a jihohin Yarabawa, ya gano cewa kashi 23 cikin 100 sun faɗi a cikin shekara guda, kuma mata sun fi maza yawa. Wato kusan tsoho ɗaya a cikin kowane huɗu. Masu shekara 60 zuwa sama sun kusa kashi 5 cikin 100 na al'ummar da ta zarce miliyan 200, saboda haka kowa zai iya auna yawan gidajen da wannan al'amari ke shiga.

Daga Jiki Da Daga Gida

Sanadan sun kasu gida biyu. Na farko a jikin tsohon suke. Naman cinya da na ƙwauri yana raguwa da shekaru, musamman ga wanda ya daina zirga-zirga. Amosanin gaɓɓai yana sa taku ya gajarce, ƙafa ta riƙa jan ƙasa. Ciwon sukari yana kashe jijiyoyin tafin ƙafa har mutum ya kasa jin abin da ya taka. Akwai kuma jirin da ke ɗibar mutum idan ya miƙe zumbur daga kwance ko daga tsuguno, domin jini bai riga ya hau kai yadda ya kamata ba.

Magunguna ma suna da nasu laifin. Maganin barci, da wasu magungunan hawan jini, da maganin sukari idan ya yi yawa ko aka sha shi ba a ci abinci ba, duk suna iya kawo hajijiya. Haɗarin yana ƙaruwa ga dattijon da ke haɗa abin da likita ya rubuta da wanda ya saya a kemis da wanda maƙwabci ya ba shi, babu wanda ya taɓa duba su gaba ɗaya.

Sai kuma ido. Binciken makanta na ƙasa baki ɗaya da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar. Tun kafin yana ta rufe ido, takan hana mutum bambance dakali da inuwarsa.

Sanadi na biyu a muhalli yake, kuma wanda ya san gidajen ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani. Makewayi yana can ƙarshen gida, daɓensa ya yi gansakuka da damina. Ƙofar ɗaki tana da dokin ƙofa mai tsawo saboda ruwa. Ana fita alwalar asuba cikin duhu, da silifa da ta cinye, wuta kuma ba ta nan. A waje ga lambatu a buɗe, ga kwalbatin da ya karye. Bugu da ƙari, ci gaban zamani ya kawo nasa sharrin: ɗa ya sami hali, ya rushe ɗakin mahaifiyarsa ya shimfiɗa tayil mai sheƙi har cikin banɗaki don ya faranta mata, bai sani ba tarko ya ɗana. Irin wannan tayil ya cika wuraren alwala na masallatai da barandar ofisoshi da ta asibitoci.

Abin Da Ke Biyo Baya

Yaro ya faɗi ya kaɗe rigarsa ya wuce, amma ƙashin tsoho ba haka yake ba. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yakan yi saurin zaizayewa ta ciki, shi ya sa faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba take karya wuyan hannu ko ƙashin ƙugu. Karayar ƙugu ita ce mafi muni. Ko a ƙasashen da ake yi wa mai ita aiki cikin kwana ɗaya ko biyu, kimanin mutum 1 cikin 5 ba ya cika shekara a raye. Yawanci doguwar kwanciya ce ke yin kisan, domin ita ke jawo gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini a jijiya.

A ƙasar nan hanya ta fi haka tsawo. Da yawa sukan fara da maɗori, saboda kusa yake, kuɗinsa da sauƙi, kuma an saba da shi. Sai dai ƙashin ƙugu yana can cikin nama, kara da tsumma ba sa riƙe shi. Kafin a yanke shawarar zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu, makonni sun shuɗe, an kuma sayar da akuya ko gona. Daga nan sai wata 'ya ko suruka ta ajiye sana'arta, ko jika ta bar makaranta, don zaman jinya.

Wanda ya faɗi bai karye ba ma bai tsira ba, domin tsoro yakan shige shi. Iyali kuma, saboda ƙauna, sai su ce, "Baba, a zauna a huta, yara za su kawo." Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma a nan karin maganar bai yi aiki ba. Zaman yana ƙara cinye naman ƙafa, ƙafar da ta raunana kuwa ita ce ke sake kayar da mai ita.

Magani Mai Araha

Abin ƙarfafa zuciya shi ne an gwada hanyoyin rigakafin an ga amfaninsu. A Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan an tsara wani motsa jiki na cikin gida, wanda ya ƙunshi ƙarfafa ƙafa da koyon daidaita tsayuwa sau 3 a mako, tare da ɗan tattaki. Gwaje-gwaje sun nuna ya rage faɗuwa da kashi 35 cikin 100, kuma waɗanda suka wuce shekara 80 su ne suka fi cin moriyarsa. A 2019 masu bincike na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 108, suka tarar motsa jiki yana rage yawan faɗuwa da kashi 23 cikin 100. Irin wannan motsi ba ya bukatar na'ura: tashi daga kujera a koma ba tare da dafawa ba, ɗaga dunduniya ana riƙe da bango, tafiya ƙafa gaban ƙafa. A Ingila kuma, wani gwaji da aka buga a 2005 ya nuna cewa cire yanar ido da wuri ya rage faɗuwar tsofaffin mata da kashi 34 cikin 100.

Gano wanda ke cikin haɗari ma ba shi da wuya. Ƙa'idojin da masana na ƙasashen duniya suka fitar a 2022 sun ba da shawarar a tambayi kowane tsoho aƙalla sau ɗaya a shekara ko ya faɗi. Ana iya ƙarawa da tambayar ko yana jin tangaɗi, da ko yana tsoron faɗuwa. Akwai kuma gwajin kujera: mutum ya tashi, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar wanda ya ci daƙiƙa 12 ko fiye a matsayin mai bukatar kulawa. Kujera da agogo kawai ake nema, kuma babu asibitin sha-ka-tafi da ya rasa su.

Ina Hukuma Ta Tsaya?

Ba za a ce Gwamnatin Tarayya ba ta taɓuka kome ba. An sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar kuma ta kama aiki a 2021, shekarar da Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a kafa wa asusu na musamman. Tun a 2012 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe cibiyar jinyar tsofaffi mai sunan Cif Tony Anenih. Har ila yau, dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024.

Amma fa doka daban, aiki daban. Duk wanda ya zaga sakatariyoyi da bankuna da kotuna zai ga matakala masu tsawo da ba su da abin dafawa, kuma a irin waɗannan wurare ne 'yan fansho ke yini a tsaye suna jiran a tantance su. Asibitocin matakin farko, waɗanda su ne kusa da talaka, aikinsu ya fi karkata ga masu juna biyu da ƙananan yara. Wannan daidai ne, sai dai kakar da ta rako jikanta allurar rigakafi takan koma gida ba tare da an tambaye ta kome game da ƙafarta ko idonta ba.

Abin Da Ya Kamata

Da farko, ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su sa tambayar faɗuwa da gwajin kujera a katin duk wanda ya kai shekara 60, a kuma riƙa auna jininsa a kwance da a tsaye, a duba magungunansa gaba ɗaya. Na biyu, makarantun koyon aikin lafiya su koya wa ɗalibansu motsa jikin da aka ambata, don su kai shi unguwanni da ƙauyuka, gidajen rediyo kuma su yaɗa shi da harshen jama'a. Na uku, a yawaita zagayen aikin ido zuwa karkara, tun da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin birane ba za su wadaci kowa ba. Na huɗu, hukumomin tsara birane su daina amincewa da taswirar ginin jama'a da ba shi da gangara da ƙarfen dafawa, domin tun ran gini ran zane. Na biyar, a jawo maɗora a jika, a nuna masu alamun karayar ƙugu, wato ƙafa ta gajarce ta juya waje kuma mutum ya kasa takawa, don su tura shi asibiti ran nan.

Iyali kuma ba sai sun jira hukuma ba. Fitila mai caji a bakin gado da hanyar makewayi, ƙarfen dafawa a jikin bango, kujera a wurin wanka, daɓe mai kaushi maimakon mai sheƙi, takalmi mai kama dunduniya, da sandar da ta dace da tsawon mai ita, dukansu ba su fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci ba. A koya wa dattijo ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe. In kuwa ya faɗi, ko bai ji ciwo ba, a kai shi a duba dalili, musamman idan kansa ya bugu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 2021 zuwa 2030 don tsufa cikin ƙoshin lafiya. Ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗin wannan al'amari a yau zai ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, kuma matakalar da ya ƙi sa hannu a gyara, ita zai hau neman fanshonsa. Ɗalibin da ke karatun likita ko na gine-gine kuwa, a hannunsa iyayen wasu za su kasance. Rigakafi dai ya fi magani, a nan kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba.