Turken da ke cikin hoto: giɓi a nazarin bidiyon waƙa na ɗalibai

Idan aka miƙa wa ɗalibin Hausa bidiyon waƙar zamani don ya yi nazari, abin da ya saba yi shi ne ya juya baitocin a takarda, ya ajiye hoton gefe. Daga nan sai ya fitar da turke da warwararsa, ya duba zubi da tsari, ya zaƙulo adon harshe. Hanyoyin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, da waɗanda Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara a Gadon Feɗe Waƙa, sun yi wa fannin gata matuƙa. Sai dai an gina su ne domin waƙar da ake ji ko ake karantawa, alhali rabin saƙon bidiyo ido ne ke karɓar sa.

A ɗauki misalin matasa a Ɗanbatta, a ce ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, sun haɗa kuɗi an buga musu kiɗan fiyano a situdiyo, sun ɗauki hoton da wayar hannu. Baitocin soyayya ne irin na nanaye, waɗanda suka samu gindin zama tun bayan fim ɗin Sangaya na 1999, kuma da wuya manazarci ya tsinci sabon abu a cikinsu. Sabon abin yana wurin da aka kafa kyamara. Garin na tsakiyar gonakin gero da dawa da gyaɗa, ga madatsar ruwa ta Thomas a kusa. In matasan sun juya wa gona baya, suka tsaya gaban gida mai fenti da motar aro, sun bayyana irin rayuwar da suke buri, ko da babu baiti ɗaya da ya ambaci birni. In kuwa bakin ruwa suka zaɓa, dole a tambaya: ƙawar garinsu suke nunawa, ko lambunan finafinan Indiya suke kwaikwayo, tasirin da Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin suka daɗe suna bin diddiginsa?

Haka nan tazarar da ke tsakanin saurayi da budurwa. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, masu shirya fim suka ƙware wajen nuna shauƙi ba tare da taɓa juna ba: kallo, sunkuyar da kai, gyaran mayafi, sauya tufafi tsakanin baiti da baiti. Ɗalibin da bai taɓa kai aikinsa gaban hukumar ba yakan bi wannan ƙa'ida, domin a ƙaramin gari kowa ya san 'yar gidan wane ce, kuma hukuncin unguwa ya fi na hukuma saurin isowa. Wannan kunya ce a aikace, wadda ake ta rubutu a kanta a ɓangaren al'ada, amma takardar baitoci ba ta iya kama ta.

Wasu za su ce wannan aikin sashen koyon aikin jarida ne. To, amma wanda bai san kunya da zance da habaici ba, me zai karanta a sunkuyar da kai?

Abin da ya kamata sassan Hausa su buƙata ba shi da tsada: a ratayen kundi, kowane baiti ya zo da bayanin fitowar da ta raka shi, wato wuri, sutura, tsayuwar kyamara da tsawon daƙiƙoƙi. A kuma adana kwafin bidiyon a ɗakin karatu da izinin waɗanda suka fito a ciki, musamman 'yan matan, tunda irin waɗannan ayyuka a waya suke zaune, kuma sukan tafi ranar da aka sayar da ita.