Ɗoɗɗoya a gindin randa: abin da muka raina a tsakar gidajenmu



Makon da ya wuce mun taɓo maganar ɗoɗɗoya a rediyo, sai wani mai sauraro ya bugo waya yana dariya, ya ce: "Yanzu duk matsalolin da ke damunmu, hakin da ke fitowa a kan juji za ku zauna kuna yi wa shiri?" Mun yi dariya tare da shi, amma maganar ta tsaya mana a rai. Amsarmu ita ce eh, kuma ga dalili.

Mu da muka zauna a lakwal, sunanta na Faransanci muka fara haddacewa, basilic, kamar wani abu ne da sai a ƙasar Turawa. Sai daga baya muka gane dangin ɗoɗɗoyar nan ce da kakanninmu ke tsinkowa su jefa a miya. A Italiya ana daka ganyenta da tafarnuwa da mai a yi miyar taliya da duniya ta sani. Mu kuma tana fitowa a bayan dangarmu, muna barin awaki su tattake ta.

Ku duba tukunyarmu ta yau. Kusan babu miyar da ake saukewa ba a marmasa mata magi biyu ko uku ba, alhali kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne, ga kuma gishirin da aka riga aka zuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda. Hawan jini kuwa ya shigo ƙauye, ya daina zama ciwon ƴan birni. Ba mu ce a jefar da magi ba. Cewa muke in miya ta samu ƙamshin ganye ɗanye da daddawa mai kyau, mai girki da kanta za ta rage hannu.

Sannan akwai aljihu. Mu mutanen bakin iyaka ne, cefanenmu na tafiya da yadda naira ta kwana da yadda hanyar Maigatari take. Ba mu manta 2023 ba, lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, yadda kayan masarufi suka yi tsada. Ɗoɗɗoya ba za ta cika rumbu ba, wannan gaskiya ne. Amma duk abin da uwargida ta tsinko a tsakar gidanta, dalolin da za ta kashe sun koma wani wuri, kuma babu jami'in da zai tare shi a shinge.

To yaya ake shukata? A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, mu ma mun faɗi. Karon farko mun sayi iri a ƙulle cikin leda a kasuwa, muka tona rami kamar na hatsi muka binne, muka yi sati uku muna ban ruwa, ko tsiro ɗaya. Kuskure biyu muka yi: ba mu san shekarun irin ba, kuma mun zurfafa shi.

Irin ɗoɗɗoya ƙanana ne baƙaƙe, ba su kai riɗi ba. A samu tsohon bokiti, fasasshen tulu ko bido da aka yanke, a huda ƙasansa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A haɗa rairayi da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, ba ɗanye ba, don ɗanye na ƙone saiwa. A jiƙa ƙasar tukuna, a barbaɗa irin a sama, a rufe da ƙasa ƴar kaɗan da ba ta wuce kaurin farce biyu ba. Ruwa kuma yayyafawa ake da hannu, in aka kwarara da moɗa irin zai bi ruwa ya taru gefe guda. Idan kuka ga ƙwayar ta yi wani yauƙi fari-fari bayan ta sha ruwa, kada ku tsorata, halinta ke nan. Cikin kwana 5 zuwa 10 za ta tsiro in akwai ɗumi.

Da ta yi ganye huɗu zuwa shida sai a rage ko a dasa, a bar tazarar taƙi guda tsakaninsu, kuma da marece ake dashe. Sirrin da ya fi kowane shi ne tsinke kai. In ta kai tsawon taƙi, a tsinke kan daga saman ganye biyu masu fuskantar juna, nan za ta fito da rassa biyu. A riƙa yin haka, gindi ɗaya zai cika bokiti. In aka bar ta ta yi fure da wuri, ganye zai ragu, ƙamshi ya canza. Amma a ware gindi ɗaya ko biyu a bar su su yi fure har kan ya bushe ya yi ruwan ƙasa, a murza a tafin hannu, a sheƙe, a zuba a kwalba busasshiya a ajiye a inuwa. Wannan irin zai yi shekaru yana tsirowa. Wanda bai samu iri ba, ya roƙi reshe a maƙwabta ya tsoma a kofin ruwa, cikin sati ɗaya ko biyu zai yi saiwa.

Lokacin da ya fi sauƙi shi ne farkon damana. Ba ta son ɗari, don haka a Disamba da Janairu a kare ta daga iskar hunturu. A zafin Afrilu da Mayu kuma a ja bokitin inda zai samu hantsi ya tsira daga ranar azahar.

Mun san abin da wasu za su ce: ina ruwan? Tambaya ce mai nauyi, don ba kowa ke kusa da Korama ba, inda ake tona kaɗan a tarar da ruwa a yi garka har da rake. Akwai unguwannin da mata ke shafe safiya a bakin rijiya. Shi ya sa ba mu ce a yi garka ba, bokiti muka ce. Ruwan alwala da na wankin hatsi da ake watsarwa a tsakar gida kullum ya ishe shi, in dai babu sabulu ko omo a ciki. A ajiye shi a gindin randa ko inda ake alwala, a kewaye da ƙaya saboda awaki da kaji.

Sai gargaɗi, kuma muna roƙon a ji shi da kyau. Ana yawo da saƙonni a WhatsApp cewa ɗoɗɗoya na korar sauro, tana warkar da zazzaɓi da wasu cututtuka barkatai. Ƙamshinta na iya damun sauro kaɗan, amma ba ta maye gurbin sange. Duk wanda ya taɓa shiga sashen yara na asibitin Magarya a tsakiyar damana, inda likitocin MSF suka daɗe suna aiki, ya san abin da zazzaɓin sauro da tamowa ke yi wa ƴaƴanmu. Yaro ya yi zafin jiki, a kai shi CSI a yi gwaji ranar nan. Masu rabon maganin rigakafi na wata-wata ga ƴan ƙasa da shekara 5 in sun zo, a buɗe musu ƙofa. Ɗoɗɗoya ta miya ce da shayi, a bar ta a nan.

Yankinmu ne aka san shi a duniya da dawo da gawo cikin gonaki, ba da wani babban kuɗi ba, manoma ne suka riƙa barin tsiron da suke sarewa da. Wanda ya iya rainon gawo shekara goma, bokiti ɗaya ba zai gagare shi ba. Kiranmu ga ƙungiyoyin mata da malaman gona da mushen lakwal shi ne a fara musayar iri tun kafin ruwan farko, kowane aji ya samu bokitinsa. Wanda kuma yake da tsohon irin gida a ajiye, ya sanar da mu, za mu faɗa a rediyo don maƙwabta su zo su ɗiba.

Shi kuma ɗan'uwanmu da ya bugo waya, mun ajiye masa gindi biyu. Allah ya ba mu damana mai albarka.