Hoto Ma Yana Iya Yin Ƙarya

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Amma 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a hutun da ya wuce na ga inda gani ya jawo rigima.

Kawuna yana sayar da shadda a Jibiya. Da yawa daga masu sayen kayansa a Maraɗi su ke, saboda haka sai ya aika musu da hoto su zaɓa, direba ya haye da kayan ta Magama. Wata rana da dare ya ɗauki hoton farar shadda fat a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai jan haske, sai ta fito ruwan madara. Wata Hajiya ta sayi yadi talatin don biki. Da kaya suka isa, ta ce ba abin da ta gani ke nan ba, ta komo da su. Ga hasarar kuɗin mota, ga ciniki ya lalace, har aka kira shi macuci.

To, laifin haske ne. Kowane haske yana da launinsa, kuma ana auna shi da ma'aunin Kelvin. Kyandir wajen 1,900 ya ke, ƙwan lantarki irin na da 2,700, rana tsaka 5,500, inuwa kuwa 7,000 ko fiye. Ƙaramar lamba ja-ja ce, babba shuɗi-shuɗi. Idonmu yana gyara wannan da kansa, amma kyamara sai an nuna mata. Dabarar ba wuya. A nemi alamar WB, a zaɓi irin hasken da a ke ciki, ko a nuna mata farar takarda a wurin don ta san fari. In ba haka ba, a bari gari ya waye.

Wani zai ce ai kyamarar zamani da kanta ta ke daidaitawa. Haka ne, amma canke ta ke yi, kuma in launi ɗaya ya cika hoton ta kan ruɗe.

A ganina, hoto ya zama mudun mai sayar da tufa. Yadda ba ma yarda da tauye mudu, haka bai kamata mu yarda da tauye launi ba, ko da gangan ko da rashin sani. Mu da mu ke karatu, mu koya wa na gida in mun je hutu. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.

Daga wani ɗalibi, Aji Huɗu