WA YA ƊAUKE MU AIKIN YI WA ƁARAYIN DAJI SHELA?

A da, idan azzalumi yana son ya jefa tsoro a zukatan mutanen gari, sai ya nemi sanƙira, ya biya shi, ya ba shi ganga ko ƙaho, ya aike shi bakin kasuwa. Yau ɓarawon daji ba ya bukatar wannan wahala. Yana zaune a gindin bishiya da bindiga a cinya, yaronsa ya ɗaga waya ya ɗauke shi minti uku, kafin la'asar maganarsa ta kai Ɗan Isa, ta kai Ƙaura, ta kai Gusau da Kano, har ta tsallaka zuwa 'yan'uwanmu da ke Makka. Kuma wa ya kai ta? Mu ne. Da kuɗin datarmu, da yatsunmu, ba tare da ya biya mu ko sisin kwabo ba. Wannan ita ce maganar da muke son jama'ar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su tsaya su saurara, ko da kuwa za ta yi ɗaci.

Bello Turji bai yi suna don ya fi sauran ɓarayi yawan bindigogi ba. Akwai irinsa da yawa a dazukan Zamfara da Sakkwato da Katsina waɗanda ba a san ko sunayensu ba a wajen yankunansu. Abin da ya gane, wanda mu ba mu gane ba, shi ne cewa tsoro ya fi harsashi arha, kuma ya fi shi nisan zango. Harsashi ƙauye ɗaya yake tayarwa, amma bidiyo guda yana iya hana ƙauyuka hamsin zuwa gona. A ƙarshen watan Agusta na 2024, lokacin da motocin yaƙi na soja suka kafe a taɓo a Kwashabawa ta ƙasar Zurmi, abu na farko da mutanensa suka yi shi ne ɗaukar hoto. Sun san abin da suke yi. Motar da ta kafe ba za ta amfane su da komai ba, amma hotonsu a kanta ya gaya wa kowane manomi cewa waɗanda aka turo su kare shi ma ba su tsira ba, saboda haka gara ya biya harajin da aka ɗora masa ya yi shiru. To, ɗan'uwa, kai da ka tura wannan bidiyo zuwa zaure biyar na WhatsApp kana rubuta "innalillahi" a ƙasa, ka taɓa tambayar kanka saƙon wa ka isar?

Za a ce mana ai don jama'a su sani ne, don gwamnati ta ji kunya. Wace jama'a ce ba ta sani ba? Mutumin Ɗan Isa ne yake bukatar bidiyo kafin ya san akwai ɓarayi a daji, shi da yake kwana da takalmi a ƙafa? Ko kuwa mutumin Banga, wanda a watan Yuli na 2025 aka karɓi kuɗin fansa a hannunsa sannan aka kashe masa 'yan'uwa fiye da 30 a hannun waɗanda suka sace su? Ita kuwa gwamnati, da hoton gawa yana sa ta kunya, da tuni ta mutu don kunya. Shekara nawa ana tura mata?

A cikin watan Agusta na 2024 ɗin nan aka ga Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, dattijo mai rawani, a ɗaure cikin jini yana roƙon a cece shi. Waɗanda suka ɗauki hoton nan ba su ɗauke shi don tausayi ba, sun ɗauke shi ne don matsa lamba a biya su, kuma don su nuna wa duk mai sarauta a ƙasar Gobir da Zamfara cewa rawani ba ya kare kowa. Muka karɓa muka watsa, har yara ƙanana suna kallo a wajen masu cajin waya. Bayan 'yan kwanaki aka ce ya rasu a hannunsu. Watsawarmu ba ta cece shi ba, abin da ta yi kawai shi ne ta mayar da sa'o'in wulaƙancinsa abin kallo na dindindin, wanda jikokinsa za su tarar. Musulunci ya ce a suturta mamaci, a gaggauta binne shi, a kiyaye mutuncinsa. Mu kuwa yau idan aka kawo gawawwaki asibiti, kafin a nemo likkafani an riga an ɗaga waya goma. Akwai uwaye a ƙasar nan da suka fara sanin mutuwar 'ya'yansu ta hanyar ganin fuskokinsu a Facebook. Wannan wane irin rashin imani ne?

Sai kuma ƙarya tsagwaronta. Kowa ya san muryar nan da ake turowa cikin dare, wani yana haki yana cewa ga su nan sun taso, babura ɗari biyu, kowa ya fita. Ba suna, ba gari, ba rana. Muryar da aka naɗa bara a wata ƙasa sai ta dawo bana a ce yanzu-yanzu ne a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi. Mata su kwashi yara su faɗa daji cikin duhu, mai ciki ta faɗi, tsoho ya karye, gari ya waye ba kowa. A yi haka sau biyu, sau uku, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo sai mutane su ce irin na jiya ne, su gyara kwanciya. Nan ne babbar ɓarnar take. Wayar nan ta ceci rayuka ba adadi a yankinmu, domin sau da yawa kiran da wani ya yi daga ƙauyen da ke gaba shi ne ya ba mutane minti goma na tsira. Mai yaɗa gargaɗin ƙarya yana lalata wannan makami guda da ya rage a hannun talaka. Wallahi ba shi da maraba da wanda ya zuba ƙasa a rijiyar gari.

Ko hukuma ma, da dukkan ma'aikatanta, tana kuskuren lissafi a ranar tashin hankali. Da aka sace 'yan matan makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, 'yan sanda sun ce 317 ne. Da aka sako su bayan kwana huɗu, sai aka ƙirga 279. Idan haka ta faru ga masu rajista a hannu, ina ga saurayin da ke kwance a ɗakinsa a Kaduna ko Abuja yana rubuta cewa an kashe mutum ɗari a garin da bai taɓa takawa ba? Kuma kada a ɗauka abin wasa ne. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Filato, an watsa hotunan gawawwaki a Facebook aka ce na mutanen yankin ne, binciken BBC ya nuna daga baya cewa wasu hotunan ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba. Amma kafin gaskiya ta fito an tare hanya an kashe matafiya waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A nan Zamfara, inda kalma ɗaya kan iya sa a far wa rugar da ba ruwanta, ko a kashe mutum a kasuwa don an ce infoma ne, kowa ya san abin da hoto ɗaya na ƙarya zai iya haifarwa.

Abin takaici, mu ne al'ummar da ta fi kowace al'umma a duniya gadon ilimin tantance labari. Malaman hadisi sun yi tafiyar watanni a kan raƙumi don su ji magana ɗaya daga bakin wanda ya ji ta, suka rubuta littattafai manya-manya a kan masu ruwaya, wane mai gaskiya ne, wane mai mantuwa ne, wane maƙaryaci ne. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta wajabta bincike a kan labarin wanda ba a amince da shi ba, kuma malaman tafsiri sun kawo cewa ta sauka ne game da wani ɗan aike da ya dawo da rahoton ƙarya a kan ƙabilar Banu Musɗaliƙ, har aka kusa kai musu yaƙi. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i kuwa kamar a kanmu ta sauka, domin ta zargi masu gaggawar yayata al'amarin tsaro da na tsoro tun kafin su kai shi ga masu iya tantance shi. Ɗalibin da ba zai karɓi hadisi ba sai ya tambayi isnadi, shi ne kuma zai tura murya wadda isnadinta gaba ɗaya shi ne "an turo mini". Har da masu rawani da manyan carbi a cikin wannan aiki, kuma su ne ma aka fi gaskatawa.

To, amma kada mahukunta su ji wannan su gyara zama, su ce ai ga shi har masu wa'azi sun yarda laifin talakawa ne. A'a. Jita-jita ciyawa ce da ke tsirowa a gonar da aka ƙi nomewa. Idan aka kai hari, aka wuni hukuma ba ta ce uffan ba, sannan kakakinta ya fito washegari ya ce ana kan bincike, ko ya rage adadin da mutanen gari suka binne da hannunsu, me kake tsammanin mutane za su yi? Dole su koma ga duk wanda ya riga magana. Hukumar da ta saba musanta abin da ido ya gani ita ce ta koya wa jama'a gaskata abin da ido bai gani ba.

Kuma mun ga irin maganinsu. Ranar 3 ga Satumba 2021, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a duk faɗin Zamfara. Aka ce mako biyu ne. Gusau ba ta samu layi ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba, ga kasuwannin mako-mako a rufe, ga takunkumi a kan man fetur. Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi sahu a wasu yankunansu. Mutum ya shiga mota ya tafi har Funtuwa don ya kira ɗansa, ko don ya karɓi kuɗin da aka turo masa. Masu POS suka rufe, mara lafiya ba ya iya kiran mai mota, ƙauyen da aka kewaye ba ya iya neman ɗauki. Su kuwa ɓarayin, rahotanni sun nuna waɗanda ke kusa da iyaka sun koma amfani da layukan Nijar. A tsakiyar wannan duhu ne, a watan Oktoba, aka afka wa kasuwar Goronyo aka kashe mutum fiye da 40. Bayan an kunna layi, Turji yana nan inda aka bar shi. Haka kuma a watan Agusta na 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan ta'addancin daji, ta kuma ci kamfanonin da suka nuna shirin BBC a kan Zamfara. Wato ɗan jaridar da ya sa sunansa, ya je ya gani da idonsa, shi ake hukuntawa, shi kuwa ɓarawon da ke baje kuɗin fansa a TikTok yana raba kyauta ga masu kallonsa, ba a ga ranar da aka kamo shi ta hanyar lambar wayarsa ba. Alhali an tilasta wa kowane talaka ya yi layi a rana ya haɗa layinsa da lambar NIN, aka ce don tsaro ne.

A kan wannan kyauta ta TikTok kuwa, bari mu ɗan tsaya. An ga matasa, 'ya'yan Musulmi, suna ajiye lambar asusunsu na banki a ƙarƙashin bidiyon ɗan bindiga suna roƙon ya tuna da su. Kuɗin da yake ɗagawa ɗin nan, gonar wani ce da aka sayar, shanun noman wani ne, sadakin wata ne, karo-karon da aka yi a ƙofar masallaci ne. Talauci gaskiya ne, mun sani, amma ba talauci ne ya sa mutum ya roƙi rabonsa daga kuɗin jinin maƙwabcinsa ba.

Sai sojojin baka na 'yan siyasa, waɗanda ake saya wa waya da data. Su gawa ba ta da daraja a wurinsu sai sun duba a mulkin wa aka yi ta. Waɗanda suke ƙirga gawawwaki da ƙarfi kafin 2023 su ne suka koma cewa kada a tayar da hankalin jama'a bayan mulki ya dawo hannun nasu, waɗanda kuma suke musantawa a da su ne yanzu suka fi kowa kuka. An yi musayar kujera kawai, mutanen Zurmi ana ci gaba da binne su. Ga kuma sababbin 'yan kasuwa, masu shafukan "labari da ɗumi-ɗuminsa" da ake biya gwargwadon yawan masu kallo. Wanda abincinsa yake ƙaruwa idan labari ya fi muni, kana tsammanin zai jira ya tabbatar?

Akwai wata ɓarnar da ba a cika faɗa ba. Idan aka sace mutum, sai wani mai neman suna ya sa hotonsa, ya faɗi aikinsa, ya ce ɗan'uwan wane ne, ya buɗe gidauniya a fili yana sanar da abin da aka tara kullum. Ɓarayin nan suna da waya kamar kowa, suna cikin zaurukan da muke ciki ta hanyar 'yan leƙen asirinsu. Fansar da za a daidaita a kan kaɗan sai ta ninka, don an nuna musu akwai inda za a tatsa. Haka wanda ya ga ayarin soja ya wuce ya ɗauka ya sa, yana yi musu addu'ar nasara, bai san ya riga su isa dajin ba.

Ba mu ce a jefar da waya ba, ba mu kuma ce a yi shiru a kan zalunci ba, wannan jarida ba ta taɓa kiran kowa zuwa ga shiru ba. Cewa muka yi a mayar da labari hannun waɗanda za a iya tuhuma idan sun yi ƙarya. Kowace unguwa a Ɗan Isa, kowane ƙauye a ƙasar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi yana da mutum biyu ko uku da aka sani da gaskiya da natsuwa. Su ya kamata gargaɗi ya bi ta hannunsu, da sunan wanda ya gani, da wurin, da lokacin, ta kiran waya kai tsaye zuwa ƙauyen da abin ya nufa. Masu kula da zaurukan WhatsApp su goge duk muryar da ba ta da mai ita, su fitar da wanda ya maimaita. A rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace a littafi, a ajiye wurin liman da mai gari, domin ranar da hukuma za ta ce mutum biyar ne, a buɗe mata shafi a karanta mata sunaye ɗaya bayan ɗaya. Limaman Juma'a kuma su taɓa wannan magana a kan mumbari tun mako mai zuwa, su fara da zaurukan ɗalibansu.