Ko Gwani Ne Ya Faɗa, Mu Gwada

'Yan uwana ɗalibai, ku dubi wannan lamba: 4,294,967,297. Ta fi biliyan huɗu, kuma tana da darasi a gare mu.

A shekarar 1640, wani masanin lissafi ɗan Faransa, Pierre de Fermat, ya lura da jerin 3, 5, 17, 257 da 65,537. Ga yadda jerin yake tafiya: ka cire 1 daga lamba, ka ninka abin da ya rage da kansa, sannan ka ƙara 1. Duk biyar ɗin babu abin da ke raba su ba saura sai 1 da su kansu. Sai Fermat ya zaci duk sauran ma haka suke, har da ta shida, wato lambarmu ta sama.

Shekara 92 bayan haka, a 1732, Leonhard Euler ɗan Suwizalan ya nuna cewa 641 tana raba ta. Ya gano haka ne ba tare da kalkuleta ba.

A ganina, babbar matsalarmu a aji ita ce kwafar amsar gwanin ajinmu ba tare da dubawa ba. Idan Fermat ya dace sau biyar ya kuskure a na shida, wane ne ba zai kuskure ba? Ranar jarabawa kuma kowa tasa ta fisshe shi.

Ni ma kada ku yarda da ni. Ku ɗauki biro ku ninka 641 da 6,700,417. Gani ya kori ji.